Daga Maƙogwaro Zuwa Huhu: Gane Cutar Lemierre a Jikin Matasa da Hanyoyin Magance Ta

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na likitoci da ma'aikatan lafiya

Tsakure

Ciwon maƙogwaro yana cikin larurorin da suka fi kai matasa asibiti da kemis, kuma mafi yawansa kan warke da kansa cikin 'yan kwanaki. Wannan takarda ta duba wani nau'insa da ba ya warkewa da kansa, wato cutar Lemierre, wadda ƙwayar bakteriya mai suna Fusobacterium necrophorum ta fi haddasawa. An bi tarihin cutar, da hanyar da ƙwayar ke bi daga maƙogwaro ta shiga jijiyar wuya har ta isa huhu, da alamominta, da cututtukan da take sajewa da su a ƙasar Hausa, sannan da magungunan da ke kashe ta da waɗanda ba sa taɓa ta. Matsayar takardar ita ce, ana gane wannan cuta ne daga yadda alamominta suka biyo juna, kuma mabuɗin hakan tambaya ce guda da ya kamata a yi wa duk matashin da ya zo da zazzaɓi mai rawar sanyi: shin ya yi ciwon maƙogwaro a makon da ya wuce?

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami ma'aikacin lafiyar da zai yi yini guda a ɗakin duba marasa lafiya, musamman da hunturu, bai ga mai kukan maƙogwaro ba. Yawancinsu ƙwayar bairos ce ke damunsu, irin mai kawo mura, kuma hutu da ruwan ɗumi da farasitamol sun ishe su. Wannan sabo ne ya sa muke raina ciwon, majiyyaci ya raina shi, iyayensa su raina shi. To amma Bahaushe ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A cikin tarin masu ciwon maƙogwaro akwai 'yan ƙalilan, galibi samari da 'yan mata masu cikakkiyar lafiya, waɗanda ciwon nasu zai bar maƙogwaro ya shiga jini, ya kai su gargara cikin mako guda ko biyu.

Manufar takardar nan ita ce a fito da siffar waɗannan 'yan ƙalilan ɗin fili, yadda likita ko malamin jinya ko jami'in ƙaramin asibitin ƙauye zai tsamo su daga cikin taro tun da sauran lokaci.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Cutar

Masu kiwo ne suka fara ɗanɗana ɓarnar ƙwayar Fusobacterium necrophorum kafin a gane ta a jikin ɗan Adam. A 1884 masanin nan na Jamus, Friedrich Loeffler, ya bayyana ta a cikin ciwon da ke ruɓar da baki da maƙogwaron maruƙa. Ita ce kuma ke da hannu a ruɓewar kofaton tumaki da shanu, da ƙurajen hantar shanun da ake turkawa. A 1900 wasu likitocin Faransa biyu, Courmont da Cade, suka ba da rahoton kamuwar mutum da ita.

Sai dai wanda ya tsara bayanin cutar har aka sa mata sunansa shi ne André Lemierre, likita kuma masanin ƙwayoyin cuta a birnin Faris. A 1936 ya buga rahoto a mujallar The Lancet kan majiyyata 20, waɗanda 18 daga cikinsu suka rasu. Ya nuna cewa jerin alamomin cutar yana da tsari ɗaya da ke maimaita kansa, har wanda ya san shi zai iya gane ta tun kafin sakamakon gwaji ya fito.

Da penisilin ya yaɗu daga shekarun 1940, sai cutar ta yi ƙasa ƙwarai, domin a lokacin kusan duk mai ciwon maƙogwaro ana ba shi wannan magani. Likitoci da yawa suka yi aiki har suka yi ritaya ba su ga ko mutum ɗaya mai ita ba, har aka riƙa kiran ta cutar da aka manta. Daga shekarun 1990 rahotanninta suka sake ƙaruwa a Turai da Amurka. Masana sun danganta hakan da abubuwa uku: rage ba da antibayotik ga masu ciwon maƙogwaro, da sauya penisilin da wasu magunguna irin su eritromaisin waɗanda ba sa aiki a kan ƙwayar yadda ya kamata, da kuma ingantuwar na'urorin gwaji.

3.0 Ƙwayar Cutar da Hanyar da Take Bi

Fusobacterium necrophorum tana cikin bakteriyar da ba sa rayuwa inda iskar oksijin take. Saboda haka ta fi son lungu da saƙo, kamar ramukan da ke jikin tonsil, wato ƙululun naman nan biyu da ke dama da hagun maƙogwaro. Takan zauna a nan a jikin wasu mutane ba tare da ta cutar da su ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: idan wani ciwo ya raunana fatar maƙogwaro, ƙwayar takan kutsa cikin nama.

Daga nan tafiyar tana da zango uku. A zango na farko takan kumbura tonsil, wani lokaci har mugunya ta taru a bayansa. A zango na biyu takan bi ƙananan jijiyoyin jinin da ke kewaye da tonsil ta isa babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai zuwa zuciya, wadda ke kwance a gefen wuya. Ƙwayar tana fitar da dafin da ke kashe fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, tana kuma sa ƙwayoyin da ke daskarar da jini su cure wuri guda. Sakamakon haka sai gudan jini mai ɗauke da cuta ya toshe jijiyar. A zango na uku gudan yakan riƙa gutsurewa, jini ya kwashi gutsattsarin ya ratsa da su ta zuciya ya zube su a huhu. Kowane gutsure ya sauka, nan zai zama ƙurji. Huhu ne ya fi shan wannan wahala a mafi yawan majiyyata, sai manyan gaɓoɓi irin su gwiwa da ƙugu da kafaɗa, sai hanta da ƙashi, wani lokaci har ƙwaƙwalwa.

Tsakanin zango na farko da na biyu yawanci kwana 4 zuwa 7 ne, ko da yake yakan kai mako biyu ko uku. Wannan tazara ita ce ke ɓatar da mu, domin sau da yawa lokacin da majiyyaci zai zo asibiti a galabaice, maƙogwaron ya riga ya lafa, shi kansa ya manta da shi.

4.0 Waɗanda Ta Fi Kamawa

Alƙaluma uku sun isa su nuna inda cutar ta fi ƙarfi. A ƙasar Danmak, Hagelskjaer Kristensen da Prag sun bibiyi cutar a faɗin ƙasar daga 1998 zuwa 2001, suka samu cewa tana kama mutum 3.6 cikin miliyan ɗaya a shekara, amma a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 24 adadin ya kai 14.4 cikin miliyan, wato ninki huɗu.

A 2015 Robert Centor da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a asibitin ɗalibai na Jami'ar Alabama da ke Birmingham a Amurka. Cikin matasa 312 'yan shekara 15 zuwa 30 da suka zo da ciwon maƙogwaro, an sami wannan ƙwaya a jikin kashi 20.5 cikin ɗari, alhali ƙwayar Streptococcus rukunin A, wadda ita muka fi nema, kashi 10.3 ne kawai ke ɗauke da ita. An kuma sami Fusobacterium a kashi 9.4 na ɗaliban da lafiyarsu ƙalau, abin da ke nuna cewa samun ƙwayar a maƙogwaro kaɗai bai zama hujjar cuta ba.

A 2021 Luca Valerio da tawagarsa suka tattara bayanan majiyyata 712 masu cutar Lemierre. Tsaka-tsakin shekarunsu 21 ne. Kimanin kashi 4 cikin ɗari sun rasu, kuma kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka rayu sun fita da wata tawaya. Idan aka tuna majiyyatan Lemierre 18 cikin 20 da suka rasu, za a ga irin tazarar da ke tsakanin samun maganin da ya dace da rashinsa.

5.0 Yadda Ake Gane Ta

Mu ƙaddara ɗalibi ne ɗan shekara 20. Ranar Asabar ya tashi da zafin haɗiya da ɗan zazzaɓi, ya sayi magani a kemis, ya ji dama-dama. Ranar Laraba ko Alhamis sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, ma'aunin zafi ya haura 39, yana rawar sanyi har haƙoransa na haɗuwa. Gefe ɗaya na wuyansa, daga ƙasan muƙamuƙi, ya kumbura yana ciwo, juya kai ya zama aiki. Kwana biyu bayan haka sai tari, da sukar ƙirji in ya ja numfashi, da haki, wataƙila har da jini a majina. Wannan jeri, maƙogwaro sannan wuya sannan ƙirji, shi ne hoton cutar.

Ma'aunin da Centor ya fitar a 1981 yana taimakawa a matakin farko. Yana duba abubuwa huɗu: zazzaɓi, da farin ruwa ko mugunya a kan tonsil, da kaluluwa mai ciwo a gaban wuya, da rashin tari. Mai alama ɗaya ko wanda ba shi da ko ɗaya, galibi bairos ne, ba ya bukatar antibayotik. Mai uku ko huɗu shi ne ake kyautata zaton bakteriya ce, kuma binciken 2015 ya nuna cewa yawan waɗannan alamomi yana tafiya da samun Fusobacterium kamar yadda yake tafiya da samun Streptococcus.

Bayan wannan akwai alamomin da ke nuna cewa ciwon ya wuce na gida:

i. Ciwon maƙogwaron da ya kai kwana biyar yana ƙaruwa, ko ya lafa ya dawo.

ii. Rawar sanyi mai tsanani da gumin dare.

iii. Kumburi ko ciwo a gefe ɗaya na wuya, musamman a jikin doguwar tsokar da ta taso daga bayan kunne ta sauka saman ƙirji. Wani lokaci akan ji jijiyar ta yi tauri kamar igiya. Rashin wannan kumburi bai kore cutar ba, domin majiyyata da dama ba su da shi.

iv. Kasa buɗe baki sosai, da dalalar da miyau, da muryar da ta toshe, da beli ya karkata gefe guda. Waɗannan na nuna mugunya ta taru a bayan tonsil.

v. Haki, ko sukar ƙirji, ko kumburin wata gaɓa, ko shawara a ido, ko ruɗewar hankali.

Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a taɓa wuyan a hankali, ban da matsawa ko murzawa, a saurari ƙirji, a auna oksijin, a kuma kwantar da majiyyaci ko a tura shi babban asibiti a ranar.

6.0 Cututtukan da Take Sajewa da Su a Ƙasar Hausa

A nan ne aikinmu ya fi na takwarorinmu na Turai wuya, domin kowace alama ta wannan cuta tana da wata sananniyar cuta a wurinmu da za a ɗora wa laifi. Amma kama da wane ba wane ba ne.

Ta farko ita ce maleriya. Zazzaɓi da rawar sanyi da shawara da ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini duk suna cikinta. Ƙari a kan haka, a yankin da sauro ya yi yawa, gwaji yakan nuna ƙwayar maleriya a jinin wanda wata cuta daban ke cin sa. Saboda haka idan an ba matashi cikakken maganin maleriya, aka yi kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba, a koma a tambayi labarin maƙogwaro kafin a ce taifod ce.

Ta biyu ita ce tarin tibi. Hoton ƙirjin mai cutar Lemierre yakan nuna ƙuraje masu rami a tsakiya, abin da idonmu ya saba fassarawa da tibi. Bambancin yana ga lokaci da wuri: tibi takan yi makonni ko watanni tana cin mutum a hankali, ta kuma fi son saman huhu, ita kuwa wannan cikin kwanaki take, ƙurajenta a warwatse suke a huhun biyu, sun fi yawa a gefe-gefe da ƙasa.

Ta uku ita ce mashaƙo. Tun watan Disamba na 2022 da aka sanar da Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Najeriya ɓullarta a Kano da Legas, cutar ta bazu zuwa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno da Kaduna, kuma a 2023 ta ɓulla a gundumar Matamaye ta jihar Damagaram a Nijar. Mashaƙo ma tana kumbura wuya, amma galibi gefe biyu ne, zazzaɓinta bai cika zafi ba, kuma tana shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaro wadda ke jini in an yi ƙoƙarin ɗaye ta. Ta fi kama wanda bai yi allurar rigakafi ba. Rarrabe su wajibi ne, domin mai mashaƙo yana bukatar a killace shi a yi masa allurar karya dafi nan take, kuma eritromaisin da azitromaisin da ke aiki a kan mashaƙo ba abin dogaro ba ne a kan Fusobacterium.

Akwai kuma hangum, wanda kumburinsa ke gaban kunne a kan muƙamuƙi, da zazzaɓin kaluluwa na ƙwayar Epstein-Barr, wanda yakan zo shi kaɗai, yakan kuma share wa Fusobacterium hanya.

Wani abin da bai kamata a tsallake ba shi ne al'adar kai mai ciwon maƙogwaro wurin wanzami a yanke masa beli, ko a yi wa kumburin wuya sakiya. Yanka a cikin naman da ya riga ya kamu yana buɗe wa ƙwayar cuta sabuwar ƙofa, kuma kumburin cutar Lemierre yana kan manyan jijiyoyin wuya ne, inda kuskure kaɗan ke jawo zubar jinin da ba a iya tsayarwa.

7.0 Gwaje-gwaje

Gwajin gaggawa na Streptococcus ba ya ganin wannan ƙwaya, haka kuma gwajin rainon ƙwayar cuta na yau da kullum, wanda ma'aikata ke kira kalca, ba ya tsirar da ita. Sai an ɗebi jini kafin a fara magani, an zuba shi a kwalbar da aka keɓe wa ƙwayoyin da ba sa son oksijin, kuma ko a hakan takan ɗauki kwanaki kafin ta bayyana. Ya kamata likita ya rubuta wa ɗakin gwaji abin da yake zargi ƙarara.

Ƙidayar jini takan nuna hauhawar fararen ƙwayoyi da faɗuwar masu daskarar da jini, aikin hanta da ƙoda kuma yakan taɓu. Hoton siti sikan na wuya da ƙirji, wanda ake yi bayan an sa wa majiyyaci ruwan da ke haska jijiyoyi, shi ya fi nuna gudan jinin da ƙurajen huhu. Inda babu shi, na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita tana iya nuna jijiyar wuyan da ta toshe, idan an sami kan na'urar da ya dace da kuma hannun da ya ƙware. Rauninta shi ne ba ta ganin abin da ke ɓoye a bayan muƙamuƙi ko ƙasan wuya sosai. Hoton ƙirji na farko ma yana iya fitowa lafiya, don haka a maimaita shi in haki ya ci gaba.

8.0 Magani

Ƙa'ida ta farko ita ce ba a jiran sakamako. Da zarar zato ya yi ƙarfi, a ɗebi jini a fara magani ta jijiya. Haɗin da ya fi sauƙin samu a asibitocinmu shi ne seftriyakson giram 2 sau ɗaya a rana, tare da metronidazol, wanda jama'a suka fi sani da Flagyl, miligiram 500 duk bayan awa takwas, ga babban mutum. Ana kuma amfani da fiferasilin-tazobaktam, ko meropenem, ko amoksisilin-kilabulanet. Ga wanda jikinsa ba ya karɓar dangin penisilin, akwai kilindamaisin. Ba a so a dogara da penisilin shi kaɗai a wannan mataki, saboda wasu nau'o'in ƙwayar da maƙwabtanta na cikin baki suna fitar da sinadarin da ke lalata shi.

Magungunan da aka fi miƙa wa mutane a kemis, wato eritromaisin da azitromaisin da siprofloksasin da jentamaisin da Septrin, ba su ne maganin wannan ƙwaya ba. Majiyyaci ya ce ya sha antibayotik bai isa ba, sai an tambaye shi wanne, an ga kwalinsa in da hali.

Tsawon magani yawanci mako 3 zuwa 6 ne. Ana farawa da na jijiya kamar na mako biyu, sannan a koma na sha. Zazzaɓi yakan yi jinkirin sauka, har ya kai mako guda ko fiye, domin magani ba ya ratsa gudan jini da ƙurji da sauri. A sanar da iyalan majiyyaci wannan tun farko, don kada su ɗauke shi daga asibiti suna ganin maganin bai karɓe shi ba.

Duk inda mugunya ta taru, a bayan tonsil ko a wuya ko a kogon ƙirji ko a gaɓa, sai an zuƙe ta ko an yi aiki an fitar da ita. Ƙarin ruwa da oksijin da sa ido kan fitsari da hawan jini suna tafiya tare da wannan. Game da maganin tsinka jini kuwa, masana sun rabu biyu. Da yawa sukan ba da shi idan gudan yana haurawa zuwa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ko yana ƙaruwa duk da antibayotik, bayan an auna haɗarin zubar jini. Ɗaure jijiyar wuya ta hanyar tiyata, wanda aka dogara da shi kafin zuwan penisilin, yanzu sai a inda komai ya faskara.

9.0 Shawarwari

i. A mayar da tambayar ciwon maƙogwaro da duba wuya wani ɓangare na binciken duk matashin da ya zo da zazzaɓi mai tsanani.

ii. Matashin da ya cika alamomi uku ko huɗu na ma'aunin Centor, in za a ba shi magani, a zaɓi penisilin ko amoksisilin na kwana goma. Wannan zaɓi yana kuma kare shi daga ciwon zuciyar da ke biyo bayan Streptococcus. Wanda mura ce kawai ke damunsa, kada a ba shi antibayotik.

iii. Duk wanda aka sallama da ciwon maƙogwaro a gaya masa da bakin da zai fahimta: in ya ji rawar sanyi, ko wuyansa ya kumbura gefe guda, ko numfashi ya yi masa wuya, ya dawo ko da tsakar dare ne.

iv. Asibitocin koyarwa da na ƙwararru su tanadi kwalaben rainon ƙwayoyin da ba sa son oksijin, su kuma riƙa rubuta rahoton duk majiyyacin da suka tabbatar yana da cutar.

v. A shigar da masu kemis da wanzamai cikin wayar da kai, tunda su ne majiyyaci ke fara zuwa wurinsu.

10.0 Kammalawa

Takardar nan ta nuna cewa cutar Lemierre ba ta da yawa, amma tana zaɓar matasa masu ƙarfi a jika, tana kuma fakewa a bayan cututtukan da muka saba da su. A zamanin Lemierre an san cutar, magani ne babu. A yau seftriyakson da metronidazol suna nan a ɗakin magani na kusan kowane babban asibitinmu. Abin da ya rage a hannunmu shi ne zato da tambaya. Don haka ina kira ga abokan aiki, duk matashin da ya zo muku yana rawar sanyi, ku tambaye shi labarin maƙogwaronsa, ku sa ya buɗe baki ku haska, ku taɓa wuyansa, ku saurari ƙirjinsa, kafin ku rubuta masa maganin maleriya karo na biyu.